KUSHEYIN MUTANEN DA, DA YADDA ZA MU KIYAYE SU

1. Tarin duwatsu a daji

Jama'a, ko wane manomi da ko wane makiyayi a Dodoru da sauran ƙasar Gwandu da Kalgo ya san daji. Ya san inda fadama ta ke, ya san fako, ya san tudun da ba ya nomuwa sabo da duwatsu. Wani lokaci mutum yana huɗa sai garma ta tono tsingaro, ko kashin maƙera, ko ɗan dutsen nan mai santsi da mu ke kira gatarin aradu. Wani lokaci kuma yana tafiya bisa tudu sai ya tarar da duwatsu an tara su wuri guda. Yawancinmu mu kan shure abin da ƙafa, mu wuce.

To, waɗannan abubuwa ba banza su ke ba. Tsingaro ya nuna an taɓa girki a wurin. Kashin maƙera ya nuna an taɓa narka tama. Gatarin aradu kuwa gatari ne na gaske, mutane ne suka wasa shi da hannunsu tun ba a san ƙarfe ba. Tarin duwatsu kuma, a ƙasashe da yawa, kabari ne, ko kushewa, kamar yadda tsofaffi ke cewa.

Amma a lura, ba ko wane tari ne kushewa ba. Manomi ya kan tsince duwatsu daga gonarsa ya tara a gefe. A kan tara su don iyakar gona. Suri ma ya kan yi kama da tudun kabari in ya tsufa. Wanda ya koyi aikin shi ke iya rarrabewa. Abin da mu ke so mu gane a wannan karatu shi ne, in dai kushewar mutanen da ce, amfaninta yana nan muddin tana yadda aka bar ta. Ran da aka tone ta da gaggawa, ran nan labarin da ke cikinta ya ɓace.

2. Yadda mutanen da su ke binne manyansu

Tun kafin zuwan Musulunci, tun kafin a san rubutu a ƙasashenmu, mutane suna girmama matattunsu. In babban mutum ya mutu sai a haƙa rami a kwantar da shi. Sau da yawa a kan sa masa kayansa, kamar mashi, da mundaye, da duwatsun wuya, da tukunya. Sa'an nan a tara abu mai yawa a bisansa. Inda duwatsu su ke da yawa a tara duwatsu. Inda babu, a tara ƙasa har ta zama tudu.

Me ya sa su ke wannan wahala? Na farko, don kada kura da dila su tone gawar. Na biyu, don a riƙa hango wurin daga nesa, a tuna da wanda ke kwance. Na uku, girman tudu ya kan nuna girman mutum, gama sai mai jama'a a ke iya tara wa hannuwa masu yawa haka.

Arewa da mu, a ƙasar Azbin cikin Jamhuriyar Nijar, akwai irin waɗannan kusheyi na duwatsu birjik bisa tuddai da gefen ƙoramu. Buzaye suna kiransu idebnan. Waɗansu tari ne kawai kamar an kife ƙwarya. Waɗansu samansu a baje ya ke kamar dandamali. Waɗansu an yi su kamar tsayuwar jinjirin wata. Masana da suka buɗe kaɗan daga ciki sun tarar an kwantar da mamaci a gefensa, an naɗe masa gwiwoyi. Waɗansu daga cikin kusheyin nan sun wuce shekara 4000. A zamanin da aka fara yinsu hamada ba ta bushe kamar yau ba. Akwai ciyawa, akwai tafkuna, mutane suna kiwon shanu a inda yanzu ba ka ganin kome sai rairayi da dutse.

Kun ga ke nan, da ba don kusheyin nan da sauran abin da mutanen suka bari ba, da ba mu san an taɓa zama a wuraren ba.

3. Durɓi ta Kusheyi

A ƙasar Hausa, kusheyin da suka fi suna su ne na Durɓi ta Kusheyi. Wurin yana ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina, tafiyar kamar kilomita 30. Waɗannan tuddan ƙasa ne, manya da ƙanana. Labarin baka ya ce a nan aka binne sarakunan Durɓawa, watau gidan da ya fara sarautar Katsina tun daga Kumayau, kafin sarauta ta koma hannun Korau. 

Sau biyu a ke haƙa wurin nan, kuma akwai darasi a cikin bambancin haƙan biyu.

Haƙa na farko a 1907 aka yi shi. Wani Bature mai mulki a Katsina, sunansa Palmer, shi ya sa aka buɗe waɗansu tuddan, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An sami tukwane da kayan ƙarfe. Amma a lokacin aikin bai kai inda ya kai yau ba. Abin da aka rubuta kaɗan ne ƙwarai, kayan da aka fitar kuma daga baya suka salwanta. Sabo da haka tuddan sun tafi, ilmin da aka samu bai taka kara ya karya ba.

A 1959 Gwamnati ta sa manyan tuddai uku da ƙanana biyu na wurin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, waɗanda doka ta hana a taɓa.

Haƙa na biyu a 1992 aka yi shi. Masana daga Jamus, tare da ma'aikatan gidan tarihi na Nijeriya, suka buɗe tuddai uku da izini. A tsakiyar ko wane tudu suka sami mutum guda. Suka sami mundayen hauren giwa, da na tagulla, da kayan ado na zinariya, da duwatsun wuya, da kuɗin wuri, har da ragowar tufa da itace da fata. A cikin kushewa guda kuma suka sami wata tasa ta ƙarfe mai zane, irin wadda a ke ƙerawa a wajen Masar da Sham a zamanin da.

Kayan nan sun daɗe a ƙasa, sun yi tsatsa, waɗansu in an taɓa su da ƙarfi sai su marmashe. A 2007 aka kai su wani gidan tarihi a birnin Mainz na Jamus, inda gwanaye suka share su a hankali, suka gyara. A 2014 aka komo da su Nijeriya.

To, me muka koya? Mun koyi cewa tun wajen ƙarni na 14 manyan ƙasar Katsina suna da dukiya, suna kuma hulɗa da ƙasashe masu nisa. Tasar nan ta ƙetare hamada kafin ta iso. Wuri kuwa a teku a ke samunsa, ba a rafinmu ba. Ashe fatauci da Hausawa suka yi suna da shi ba jiya ya fara ba. A da muna jin wannan a bakin tsofaffi da maroƙa, yanzu ga shaida a hannu.

4. Yadda masana ke karanta kushewa

Wani zai ce, to, ai haƙa haƙa ne. Mene ne bambancin haƙan masani da na mai neman dukiya?

Ku dubi juji na bayan gida. Sharar da aka zuba bara tana ƙasa, ta bana tana bisa. In ka yanka jujin a hankali daga gefe, za ka ga hawa hawa, ka san wanne ya riga wanne. In kuwa ka sa fartanya ka cuɗa shi duka, ba mai iya faɗa maka kome. Haka ƙasar kushewa ta ke, haka ta kufai.

Sabo da haka masani ba ya sauri. Ya kan auna wurin da igiya, ya raba shi gida gida. Ya kan kankare ƙasa kaɗan kaɗan da ɗan ƙaramin cebur da buroshi. Duk abin da ya gani, kafin ya ɗaga shi sai ya ɗauki hotonsa, ya zana shi, ya rubuta zurfinsa da abin da ke kusa da shi. Munduwa da aka samu a hannun mamaci ta faɗi abu guda. Munduwar nan in an same ta a jakar ɗan kasuwa ba ta faɗi kome ba, gama ba a san inda ta fito ba, ba a san wa ya sa ta ba.

Akwai kuma dabarar gane shekaru. Duk abu mai rai, ko mutum, ko dabba, ko itace, jikinsa yana ɗauke da wani sinadari da ya ke samu daga iska da abinci. Ran da ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa a hankali, ba ya sauri ba ya tsayawa. Bayan shekara 5730 rabinsa ya tafi. In aka kai ɗan gawayi ko ɗan ƙashi ɗakin awo, sai a auna abin da ya rage, a lissafta shekarun. Wani masani na Amurka mai suna Libby shi ya fito da wannan dabara, wajen 1949.

Kun ga, ɗan gawayin da ɓarawon kabari zai watsar da ƙafa, shi ne abin da masani ya fi so. Haka ƙashi. Daga ƙashi a kan gane namiji ne ko mace, yaro ne ko tsoho, har irin abincin da ya saba ci.

A nan Jihar Kebbi ma an yi irin wannan aiki. Kafin ruwan madatsar Kainji ya cika a 1968, masana sun haƙa waɗansu tsofaffin tuddai wajen Yelwa ta Yawuri, don kada ruwa ya rufe su ba a san abin da ke ciki ba. Sun sami tukwane da 'yan siffofi na yumɓu da suka wuce shekara 1000.

5. Abin da ya faru a Bura

Yanzu ku ji labarin inda kwaɗayi ya riga ilmi isa. Bura wani wuri ne a yammacin Jamhuriyar Nijar, a ƙasar Tera, hayin kogin Kwara. A 1975 aka gano wata tsohuwar makabarta a can ba zato. A 1983 wani masani ɗan Nijar, Malam Bube Gado, ya haƙa wani ɗan fili a wurin bisa ƙa'ida. Ya sami tukwanen binne mutane 630, an kife su kusa da juna, waɗansu da siffar kan mutum a bisa, har da siffar mahayi bisa doki.

A 1993 aka nuna waɗansu kayan Bura a birnin Paris na Faransa. Da masu kuɗin Turai suka gani sai suka yi sha'awa. Dillalai suka shiga ƙauyuka suna saye. Talakawa suka ɗauki diga da cebur suka faɗa wa tsofaffin makabartu, suna fasa tukunya goma don su sami guda mai kyau. Cikin 'yan shekaru wurare da yawa suka zama ramuka. Wanda ya tona ya sami abin cefanen 'yan kwanaki, dillali ya sami riba mai yawa a waje, ƙasar kuwa ta rasa labarin mutanenta har abada.

Irin wannan ɓarna ta faru a ƙasarmu. An tone siffofin yumɓu masu yawa a yankin Nok, da ƙasar Katsina, da ƙasar Sakkwato, aka fitar da su a ɓoye. Har a shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta buga jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya, ta sa na Bura da na Nok da na Katsina da na Sakkwato a ciki. Gaskiyar Bahaushe da ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

6. Sauran abubuwan da ke cin kusheyi

Ba ɓarawo kaɗai ke ɓata wurin tarihi ba. Sau da yawa mutumin kirki ne, bai sani ba. Mai gini yana neman dutsen harsashi, ga tari a shirye, sai ya kawo amalanke ya kwashe. Mai gona yana son ƙarin kunya biyu, sai ya ci gefen tudu, bana kaɗan, baɗi kaɗan. Masu yin hanya su kan ɗebi tsakuwa da mota. In aka sare itatuwan wurin aka ƙone ciyawa, ruwan sama ya zo ya zaizaye sauran.

Mutanen Ingila ma sun sha wannan. A ƙasarsu akwai tuddai masu sanyi da hazo inda ba a noma sai kiwon tumaki, kamar wanda a ke kira Dartmoor. Bisansu akwai tarin duwatsu na kusheyi masu yawa, na kamar shekara 4000. Mutane sun kwashe da yawa sun yi shingen gona da hanya, waɗansu kuma masu neman dukiya suka tone. A 1882 suka kafa dokarsu ta farko ta kiyaye irin waɗannan wurare. A 2011 masana suka buɗe wani ɗan kabari na dutse a Dartmoor wanda ba a taɓa tonewa ba. Suka sami ƙasusuwan wani matashi a naɗe cikin fatar dabba, da ɗan kwando, da duwatsun wuya fiye da 200. Kabari guda da aka bari lafiya ya koya musu abin da tulin waɗanda aka tone ba su koya musu ba.

Mu ma muna da duwatsun da ya kamata a bari inda su ke. Ga Surame, birnin da Muhammadu Kanta Sarkin Kabi ya gina a ƙarni na 16, wajen Binji a Jihar Sakkwato. Ganuwarsa da dutse aka gina ta. Kabawa suka bar shi a farkon ƙarni na 18, suka komo Birnin Kebbi. A 1964 Gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma Nijeriya ta miƙa sunansa ga hukumar UNESCO don a duba sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ko wane dutse da aka ɗauke daga irin wannan ganuwa, an rage wa jikokinmu abin da za su gani.

7. Abin da doka ta ce

A Nijeriya an fara kafa dokar kayan tarihi a 1953. A 1979 aka yi sabuwa, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Ga manyan abubuwan da ta ƙunsa, a taƙaice.

Ba wanda zai haƙa ƙasa don neman kayan tarihi sai da takardar izini daga Hukumar.

Wanda ya tsinci irin kayan nan ba da nufi ba, lalle ya sanar da Hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7, ya faɗi inda ya same su.

Ba a saye ko sayar da kayan tarihi, sai wanda Hukumar ta amince masa.

Ba a fitar da su daga ƙasa sai da izini.

Wanda ya lalata wurin da aka sa cikin jerin wuraren tarihi ya yi laifi, ana iya cinsa tara ko a ɗaure shi.

Amma doka tana Abuja, tudu kuwa yana daji. Ma'aikacin gidan tarihi ba zai kwana a ko wane kufai ba. Wanda ke wucewa ta wurin kullum, da garma ko da sanda, shi ne mai gadi na gaske.

8. Aikinmu

Mu mutanen ƙasar Gwandu mun san girman kabari. Mun ga yadda a ke kula da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu. Mun ga yadda aka mai da tsohuwar fadar Argungu ta zama Gidan Tarihi na Kanta a 1958, inda baƙi ke zuwa kallon kayan Kabawa. Waɗanda ke kwance ƙarƙashin tsofaffin tuddai ba mu san sunayensu ba, addininsu ma daban ne da namu. Duk da haka 'yan Adam ne, sun sha ruwan ƙasar nan kafin mu, waɗanda suka binne su kuma sun yi kuka kamar yadda mu ke yi.

Sabo da haka, in ka ga tarin duwatsu ko tudun da ka ke zaton kushewa ce, ko garmarka ta tono ƙasusuwa da tukwane, ga abin yi.

Na ɗaya, tsai da aiki a wurin. Kada ka ƙara tono don ka ga abin da ke ƙasa.

Na biyu, bar kome inda ya ke. In abin ya fito fili, rufe shi da ƙasa mai laushi. Kada ka wanke shi, kada ka kankare shi da wuƙa.

Na uku, yi wa wurin alama a zuciyarka, kusa da wace bishiya, gabas ko yamma da wace hanya. In kana da waya mai hoto, ɗauki hoto. Yanzu da ka iya rubutu, rubuta ranar da wurin a takarda.

Na huɗu, faɗa wa mai gari, shi ya kai wa hakimi, a sanar da ƙaramar hukuma da ma'aikatan gidan tarihi.

Na biyar, in baƙo ya zo yana tambayar tsofaffin tukwane ko siffofi zai saya, ko yana neman 'yan ƙwadago su haƙa masa kufai, a ce ya nuna takardarsa gaban mai gari. In ba shi da ita, kada a taimake shi.

Na shida, a tambayi tsofaffi sunayen kufai da tuddan da ke kewaye da gari, da abin da suka ji game da su. Ɗalibin da hannunsa ya faɗa ya rubuta, a ajiye wurin malamin aji. Sau da yawa sunan wuri shi ke fara nuna wa masani inda zai duba, kamar yadda sunan Durɓi ta Kusheyi ya nuna.

Tudun da ya yi shekara 700 yana jira, ba abin da zai same shi in ya ƙara jiran shekara goma kafin masani ya iso. Dare guda kuwa ya ishi mai diga ya gama da shi.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da manomi zai gani ya san an taɓa zama a wuri.
2. Me ya sa mutanen da su ke tara duwatsu ko ƙasa bisa kabarin manyansu?
3. A wace ƙasa Durɓi ta Kusheyi ta ke? Me tasar da aka samu a can ta koya mana?
4. Mene ne bambancin haƙan 1907 da na 1992?
5. Wa ya ci riba a Bura, wa ya yi hasara?
6. Cikin kwana nawa doka ta ce a ba da labari in an tsinci kayan tarihi?
7. Rubuta sunan kufai guda da ka sani kusa da garinku.